Akwatin Malama: Ɗalibai Masu Son Rubutu Sun Aiko da Tambayoyinsu

Assalamu alaikum, 'ya'yana da ƙannena. Wasiƙun da suka taru a akwatinmu wannan wata yawancinsu daga ɗalibai suke, kuma kusan duk hanya ɗaya suka bi: yaya mutum zai gyara rubutunsa har ya amsa sunan marubuci. Na daɗe ina koyar da Hausa a makarantun sakandare a nan Sakkwato kafin in ajiye alli, saboda haka tambayoyin nan ba baƙi ba ne a kunnena. Kamar kullum na sakaya sunaye, na kuma taƙaita wasiƙun da suka yi tsawo.

Tambaya: Malama, ina aji biyar a sakandare. Ina rubuta labari a waya ina turawa wani zaurenmu na WhatsApp. Labarin wata 'yar attajiri ce da ke karatu a Dubai, ta haɗu da wani matuƙin jirgin sama. Na kai kashi na tara na tsaya cak, na rasa abin da zan ƙara, ga masu karatu suna ta cewa in ci gaba. Ko akwai addu'a ko dabarar da za ta buɗe mini basira?
Ɗaliba daga Mabera

Amsa: Ɗiyata, Allah ya yi miki albarka da kika fara, don da yawa suna nan suna cewa za su rubuta, har yau ba su ɗora alƙalami a takarda ba. Addu'a kam kullum ana yi, kada ki bari. Amma basirarki lafiyarta ƙalau. Abin da ya faru shi ne kin ɗauki yarinya kin kai ta garin da ba ki taɓa takawa ba, ɗan abin da kika sani game da shi kuwa daga fim ne da littattafan wasu. Shi ya kawo ki kashi na tara, ya ƙare. Ba ki san abin da take karyawa da shi ba, ba ki san da wa take gaisawa in ta fito ƙofar gida ba, ba ki san abin da ke ɓata mata rai a hanyar makaranta ba. To me za ki rubuta?

Yanzu ki waiwayi Mabera. Kin san yadda gida yake zama a watan Afrilu in an ɗauke wuta, kowa ya jawo tabarma tsakar gida, ana fifita ana jiran iskar asuba. Kin san muryar mai ruwa da ƙarar kurarsa, kin san ranar da jarka ta ƙara kuɗi da abin da Inna ta ce masa. Kin san layin markaɗe ranar jajibirin salla, da irin hirar da ake yi a gidan kitso da zarar amarya ta ba da baya. Yarinyar da ke Legas ko Yamai ba ta san wannan ba, kuma in kika rubuta shi da kyau za ta karanta da irin marmarin da kike karanta labarin Dubai.

Bari in nuna miki abin da nake nufi. Yawancin ɗalibai za su rubuta: "Ana zafi sosai, Hajara kuma tana cikin matsananciyar damuwa." Babu kuskure a jimlar, amma mai karatu bai ga komai ba, gaya masa kawai aka yi. Dubi wannan kuma: "Tun hantsi ruwan randa ya yi ɗumi. Hajara ta jiƙa zane ta yafa, ta zazzage kuɗin awarar jiya a kan tabarma. Kafin ta gama ƙirga na uku zanen ya bushe, kuɗin kuwa ba su cika ba." Ban ambaci zafi ba, ban ambaci damuwa ba, amma kin ji su duka biyu, har kin fara tambayar wa zai karɓi kuɗin da me zai faru in ba su cika ba. Wannan tambayar ita ke jan mai karatu zuwa shafi na gaba, ita kuma ke jan marubuciya.

Ga aikin da zan ba ki. Ki sami ɗan littafin rubutu, ko na warƙa 20 ne, ki riƙa sa shi a jakar makaranta. Kullum kafin ki kwanta ki rubuta abu ɗaya da kika gani da idonki da magana ɗaya da kika ji da kunnenki, yadda mai ita ya faɗe ta, ba tare da kin gyara masa ba. In kin raka Inna kasuwa ki saurari yadda ake ciniki, daga "nawa?" zuwa "albarka" zuwa "na sallama", ki lura da abin da hannun mai sayarwa yake yi lokacin da bakinsa ke rantsuwa. Abu ɗaya zan gargaɗe ki: sirrin maƙwabta amana ne. Ki ɗauki yanayin magana da halin mutane, ki sauya suna da gida da dangi yadda ba wanda zai nuna yatsa ya ce wance ce.

Kada ki ɗauka na hana ki ƙirƙira. A gasar rubutun da aka yi a 1933, wadda ta haifar da littattafan ƙagaggun labarai na farko da boko, Abubakar Imam a littafinsa Ruwan Bagaja ya kai jaruminsa ƙasashen da ba su a taswira, amma alƙalai da malamai da 'yan kasuwar da ya cika littafin da su irin waɗanda ya tashi yana gani ne, shi ya sa har yau ake dariyarsu kamar an san su. Labarinki ma ba sai kin yar ba. Ki ba yarinyar hutu ta dawo gida, jirgi ya sauke ta, a kai ta gaida kakarta a cikin gari, a zaunar da ita a tabarma a miƙo mata fura a ƙwarya. Daga nan za ki ga alƙalami yana gudu, don kin shigo inda kika fi masu karatunki sani.

Tambaya: Malama, mu nan munka tashi, Hausarmu ita munka sani. Na rubuta insha'i malaminmu ya ja jan layi ga "munka" da "shina" da "hwaɗi", ya rage mani maki. Shin Hausarmu ba Hausa ta ba?
Ɗalibi daga Wurno

Amsa: Ɗana, na bar wasiƙarka yadda ka rubuto ta, ban taɓa ko harafi ba, don ina son masu karatu su ji daɗinta yadda na ji. Hausarka Hausa ce gangariya, kuma malaminka bai zalunce ka ba. Duka biyun gaskiya ne, sai ka natsu ka fahimci inda kowace take aiki.

Abin da ake kira Daidaitacciyar Hausa yarjejeniya ce ta rubutu. Ta fara kafuwa a shekarun 1930 lokacin da hukumar talifi ta Zariya take buga littattafan makaranta, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta ƙara yaɗa ta tun daga 1939, Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955 ta ci gaba da tsara ƙa'idojinta. An gina ta a kan abin da ya fi kusa da karin harshen Kano. Amfaninta shi ne takarda ɗaya ta karantu a Bauci da Maraɗi da Kumasi ba tare da kowa ya yi tuntuɓe ba. Mai duba takardar WAEC ko NECO da wannan ma'auni zai auna ka, kuma bai san daga Wurno kake ba balle ya yi maka uzuri. Saboda haka a insha'i da wasiƙar neman aiki da rahoto, ka rubuta "muka" da "yana" da "faɗi". Ka koye ta har ta zauna maka a hannu. Wanda ya iya biyu ya fi wanda ya iya ɗaya.

Amma in ka zo ƙagaggen labari ko wasan kwaikwayo ko waƙa, Sakkwatanci dukiya ce a hannunka. Muryar mai ba da labari ta tafi da daidaitacciya, bakin mutanen cikin labarin kuwa ka bar wa kowa harshensa. Misali: Tsoho ya ɗaga kai ya dube shi ya ce, "Mi kaz zaka yi nan? Tun da sahe anka aike ka." Da jin wannan mai karatu ya san inda yake, ya san shekarun mai maganar, ya ma hango rawaninsa. In ka mayar da ita "Me ka zo yi nan?" ma'ana ba ta sauya ba, amma tsohon ya ɓace. Narambaɗa da Ɗanƙwairo da harshen ƙasar nan suka yi waƙa, kuma babu lungun ƙasar Hausa da ba a sauraron su, har ana nazarin su a jami'o'i.

Akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, tun da maganar ta zo. Sau da yawa in an sa Basakkwace a fim ko a labari, don a yi dariya ake sa shi, a cika masa baki da "hwa" da "shina" ba bisa ƙa'ida ba, kamar harshen ba shi da nahawu. Yana da nahawunsa tsaf. Wanda ya tashi a ciki ya san inda ake cewa "yaz zo" da inda ake cewa "ya zo", ba ya musanya su. Ku da kuka sha shi a nono ku ne za ku rubuta alƙali da likita da uwa mai hikima suna magana da Sakkwatanci cikin mutunci. In ba ku yi ba, masu kwaikwayo ne za su yi muku.

Sannan ka zauna da tsofaffin gidanku da littafi a hannu. Wurno garin fadama ne. Kalmomin noman albasa da shinkafa da ban ruwa, sunayen ciyayi da kifaye da iskoki, da yawansu suna bakin mutanen da suka haura saba'in, jikokinsu ba su ɗauka ba. Ƙamusun Bargery na 1934 ya adana kalmomi masu yawa har yana nuna waɗanda na Sakkwato ne da na Katsina, amma bai kwashe duka ba. Kalmar da ka tsinto a bakin kakarka za ka iya sa ta ko cikin daidaitaccen rubutu, muddin jimlar da ke kewaye da ita ta haska ma'anarta.

Tambaya: Malama, wayata ba ta da haruffa masu lanƙwasa. Dole ne sai na sa su? Ai ana ganewa.
Ɗalibi daga Gidan Igwai

Amsa: Dole ne, ɗana. "Baki" da "baƙi" ba abu ɗaya ba ne, haka "kafa" da "ƙafa", kuma bai kamata ka bar wa mai karatu aikin canka ba. Wayarka ma tana da su. Ka shiga saitin allon rubutu, irin su Gboard, ka ƙara Hausa cikin harsuna, haruffan za su fito, wani lokaci sai ka danne k ko d ko b ka ɗan riƙe. Tun da ka taɓo ƙa'ida, ga inda na fi ganin ɗalibai suna faɗuwa: raba kalma da haɗe ta. Ana raba "ya ce" da "shi ne" da "za ta" da "ba ta". Ana haɗe "suna" da "muka" da "yake" da "gidansu". "A kan tebur" a rabe yake, "akan yi ruwa a Agusta" a haɗe. Ka kwafe waɗannan a bangon littafinka, ka riƙa duba saƙonka da su kafin ka tura, ko da gaisuwa ce ga aboki. Hannun da ya saba da "slm ykk" a waya shi ne dai zai riƙe biro ranar jarrabawa.

Tambaya: Malama, ina shekarar ƙarshe a jami'a, ina rubuta kundin digiri. Malamin da ke duba ni ya dawo mini da babi na biyu har sau uku, yana cewa ba ya jin muryata a ciki. Abokaina sun ce in ba ChatGPT ya rubuta mini in huta. Na rasa yadda zan yi.
Ɗalibi daga Dundaye

Amsa: Ɗana, ka gode wa Allah da ya haɗa ka da malamin da ke karanta abin da ka kai masa. Na san irin babin da yake nufi ko ban gan shi ba: wane ya ce kaza, wane ma ya ce kaza, wance ta ce kaza, shafi goma, an jera maganganun mutane ba a ce komai a kansu ba. Bitar ayyukan magabata ba jerin gwano ba ce. Ana so a ga ka karanta, ka gane inda biyu suka yi saɓani, ka faɗi wanda hujjarsa ta fi ƙarfi a ganinka da dalili, ka nuna gurbin da suka bari wanda aikinka zai cike.

Ga dabarar da nake ba ɗalibaina. Ka karanta abin da za ka karanta, ka rufe littafin, ka kira ƙaninka ko abokin ɗakinka da ba fanninku ɗaya ba, ka yi masa bayani da baki. Inda ya ce "ban gane ba", kai ma ba ka gane ba tukuna, sai ka koma. Inda ya gyaɗa kai, zauna ka rubuta abin da ka faɗa masa yadda ka faɗe shi, daga baya ka gyara masa zama. Muryar da malaminka yake nema ke nan. Kowane sakin layi ya ɗauki magana ɗaya: ka faɗe ta a jimlar farko, ka kawo hujja, ka ce ga abin da hujjar take nunawa. In ka ga sakin layi ya ɗauko magana ta biyu, yanke shi ka buɗe sabo.

Batun na'urar nan kuwa, ba zan ce maka kada ka kusance ta ba. Kana iya tambayar ta ta warware maka wani ra'i da ya shige maka duhu, sannan ka je ka tabbatar a littafi. Amma ka sani takan ƙirƙiro sunan littafi da marubuci da shekara waɗanda babu su a duniya, ta jera su tsaf kamar gaske. Ranar kare kundi kai kaɗai za ka tsaya gaban malamai, a buɗe shafi a ce ina ka samo wannan. Ko an tsallake wannan ma, shekara huɗu iyayenka suna biyan kuɗi don kai ka iya tunani a rubuce, kuma kundin nan shi ne wurin da ake koyon hakan.

Kai da kake karatu a jami'ar da ke ɗauke da sunan Shehu Usmanu, kana da abin koyi a gida. Duba rubuce-rubucen Shehu da ƙaninsa Abdullahin Gwandu da ɗansa Muhammadu Bello. In za su ɗauko maganar wani malami sai su ambaci sunansa da littafinsa, su kawo maganar, in ta ƙare su sa alamar "intaha" don mai karatu ya san nan maganar wancan ta tsaya, daga nan tasu ce. Fiye da shekara 200 ke nan, ba wanda ya tsare su da dokar satar fasaha, amana ce kawai ta ilimi. Ka yi haka: duk abin da ka kwafa a Laburaren Abdullahi Fodiyo ko a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu, ka rubuta sunan littafi da shekara da lambar shafi nan take, kafin ka tashi daga kujerar. Wanda ya ce sai daga baya, shi ke kwana yana neman shafi ana gobe miƙa aiki.

Tambaya: Malama, ina rubuta waƙoƙi. Na karanta ɗaya a gaban wasu da suka riga ni farawa, suka ce karinta ya karye, amsa-amon kuma na dole ne. Tun ranar ban sake rubuta ko ɗango ɗaya ba. Anya ina da baiwar?
Ɗalibin kwalejin ilimi, daga Bodinga

Amsa: Ɗana, na ji zafin da ke cikin wasiƙarka, kuma ba zan ce maka ba komai ba, don waƙar farko kamar ɗan fari take a wurin mai ita. Amma ka lura da abin da suka ce. Ba su ce ba ka da abin faɗa ba. Kari da amsa-amo suka ambata, su kuwa abubuwa ne da ake koya, kamar yadda ake koyon ɗinki.

Ka taɓa tsayawa wurin majema? Fatar akuyar nan ja da Sakkwato ta yi suna da ita, wadda fatake suka riƙa ketare Sahara da ita har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko, ba haka take fitowa daga jikin akuya ba. Sai an jiƙa ta, an sa ta a toka, an kankare gashi da kartaji, an tsoma ta a ruwan bagaruwa, an shanya, an shafa mai an murza, kafin a kai ga rina ta da karan dafi. Abin da ka karanta musu ɗanyar fata ce. Mai kyau ce, amma ba ta shiga bagaruwa ba tukuna.

Ga yadda za ka jeme ta. Da farko ka rera waƙar da ƙarfi, kada ka karanta a zuci. Rubutacciyar waƙar Hausa don rerawa aka yi ta, kuma duk inda harshenka ya yi tuntuɓe, ko ka ji kana jan wata gaɓa don ta cike gurbi, nan karin ya karye. Ka sa alama. Sannan ka ɗauki baitin da ya fi zauna maka, ka rarraba gaɓoɓinsa, ka ga ina masu nauyi suke ina marasa nauyi, ka auna sauran baitocin da shi. Amsa-amon dole kuwa yana zuwa ne in mawaƙi ya fara zaɓen kalmar ƙarshe sannan ya nemo maganar da zai jingina mata. Ka juya abin: san abin da kake son faɗa, in kalmar ƙarshe ta ƙi, sake ginin ɗangon gaba ɗaya. Kuma ka fara da ƙwar biyu, wato baiti mai layi biyu, kafin ka haura ƙwar biyar. Marigayi Alhaji Shehu Shagari yana malamin makaranta ya tsara Waƙar Nijeriya don yara su san ƙasarsu. Kai ma da za ka zama malami, gwada tsara baiti goma da za su koya wa 'yan aji uku wani darasi. Yara ba su iya kara ba: in ta rero za su haddace, in ba ta rero ba za ka gani a fuskarsu.

In ka gyara, ajiye ta mako guda kada ka duba, sannan ka koma mata da sabon ido. Daga nan ka mayar wa mutanen nan da suka soke ta. Wannan karon kada ka tambaye su ko ta yi. Ka ce su nuna maka wane baiti, wane ɗango, wace gaɓa. Mai gyara na gaskiya zai sa yatsa a wurin. Wanda ya kasa nunawa, sai ka san nauyin da za ka ba maganarsa.

Tambaya: Malama, Babanmu ya ga ina rubutu a waya ya hana ni, ya ce rubutun labari ba aikin 'yar mutunci ba ne. Ina son rubutu ƙwarai, kuma ba na son saɓa masa.
Ɗaliba daga Runjin Sambo

Amsa: Ɗiyata, kin yi daidai da ba ki son saɓa masa, kuma kada ki koma yi a ɓoye. Tsoronsa yana da tushe. Akwai abubuwan da ake yaɗawa a waya da sunan labari waɗanda ni kaina ba zan so jikata ta buɗe ba, wataƙila irinsu aka taɓa nuna masa. Bai san abin da ke cikin naki ba, allon waya kawai ya gani.

To ki fitar da rubutun daga waya ki mayar da shi takarda, inda kowa zai iya gani. Sannan ki zaɓi abin da zai fara karantawa. Ki tambayi Inna ko gwaggonki labarin kakanku, sana'arsa, garin da ya taso, yadda ya zo Sakkwato. Ki rubuta shafi biyu da kyakkyawan hannu, ki ba Inna ta miƙa masa bayan ya ci abinci ya huta. Uba da ya ga tarihin mahaifinsa da alƙalamin 'yarsa, da wuya zuciyarsa ba ta yi laushi ba. In akwai malamar makarantarku ko ta Islamiyya da yake girmamawa, ki roƙe ta ta yi masa magana.

Kuma a garin nan ba a rasa hujja. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ta naɗa jajis, wato mata jagororin koyarwa, ta ɗora musu malfa, suna zuwa daga ƙauyuka su karɓi waƙoƙinta su koma su koyar da mata 'yan'uwansu, abin da aka sani da 'Yan Taru. Kabarinta yana Hubbare kusa da na mahaifinta. Babanki ya san wannan sarai, sai dai ba ke za ki tuna masa da sigar gardama ba, ki bar wa manya su faɗa. In duk da haka ya ce ki bari sai kin gama makaranta, ki bari, ki riƙe karatu da ɗan littafin ajiye abin da kika gani. Shekara ɗaya ko biyu ba ta kashe marubuci.

Tambaya: Malama, na gama gajerun labarai guda biyar. Ina zan kai su? Wani ya ce in kawo kuɗi ya buga mini littafi.
Ɗaliba daga Arkilla

Amsa: Riƙe kuɗinki tukuna, ɗiyata. Mai injin buga takarda zai buga duk abin da aka miƙa masa, da kurakuransa da komai, ki dawo gida da katan-katan ɗin da ba ki da hanyar sayarwa. Ki fara da inda za a tace aikin. Ki ba malamin Hausa ko na adabi a makarantarku ya bi da jan biro. Ki nemi reshen Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, wato ANA, wadda aka kafa tun 1981, ki riƙa zuwa zaman karatu tare da yayanki ko wata babba. Jaridun Hausa irin su Aminiya suna da filayen adabi da na ra'ayin masu karatu. Akwai kuma gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 domin mata marubuta gajerun labarai, inda aka saba neman labari mai kalma 1,000 zuwa 1,500. Ki karanta ƙa'idojin shekarar da za ki shiga da kyau, musamman na shekaru da adadin kalmomi, don labari mai kyau yakan faɗi saboda an tsallake ƙa'ida ɗaya. Ki kuma saurari waɗanda suka yi nasara a baya ki ga yadda suke shiga magana tun jimlar farko.

Kafin ki tura ko'ina, ki ajiye kwafi biyu, ɗaya a takarda ɗaya a imel ɗinki mai kwanan wata, kuma kada ki ba kowa kwafinki na ƙarshe ko da ya ce gobe zai dawo da shi. Cikin biyar ɗin ki zaɓi wanda kika fi so, ki aiko mini ta adireshin mujallar nan tare da izinin iyayenki. Zan karanta, in kin yarda kuma mu gyara shafinsa na farko tare a wannan fili wata mai zuwa, sauran ɗalibai su amfana.